Bashin Barci da Karatun Raba Dare

Duk shekara, da zarar jarrabawar WAEC da NECO ta ƙarato, sai ka ga ɗakunan kwanan ɗalibai sun koma kamar kasuwar dare. Ana kashe janareto sai fitilu masu caji su fito daga ƙarƙashin katifa. Wani ya tsoma ƙafafunsa cikin bokitin ruwan sanyi, wani ya ɓantari goro ko da bai saba cinsa ba, wani kuma ya zuba garin kofi cokali biyu a ruwan da bai ma yi zafi ba, ya runtse ido ya kwankwaɗe kamar magani. Manufarsu ɗaya ce, a kori barci a yi karatu har asuba. Abin da ya fi damuna kuwa shi ne yadda mu malamai da iyaye muke sa wa wannan hali albarka. Yaron da ya yi kwanan zaune shi ne mai himma a wurinmu, wanda ya kwanta ƙarfe tara da rabi kuwa sai mu ce bai san abin da ke gabansa ba.

Na taɓa sa ido a jarrabawar gwaji a wata makarantar sakandare, inda na ga wani yaro ya kifa kai a kan takardar amsa, alƙalami a hannu. Malamansa sun shaida mini yana cikin na gaba-gaba a ajinsu. Na taɓa kafaɗarsa ya ɗago a firgice, ya ce, “Wallahi Malam idona biyu.” Da na dubi takardar sai na ga rubutun ya fara tsaf, sa'an nan layin ya gangara ƙasa ya ƙare da wani zane marar ma'ana. Daga baya ya gaya mini dare biyu ke nan bai yi barcin kirki ba. Ban ɗauki rantsuwarsa a matsayin ƙarya ba, domin haka ya ji a ransa, kuma dalilin hakan yana nan tafe.

Ra'ayina a fili yake. Karatun raba dare asara ce ga mai yinsa, kuma duk jadawalin makarantar da ya hana ɗalibi barcin da zai ishe shi yana rushe da dare abin da malami ya gina da rana. Hujjata tana cikin yadda buƙatar barci take taruwa a jikin mutum tun daga lokacin da ya buɗe ido da safe.

Bahaushe ya daɗe da cewa barci ɓarawo ne, ya kuma ce ba a cin bashinsa. Masana kimiyyar barci su ma kalmar bashi suka faɗa kanta a nasu harsunan. Abin da suka ƙara a kan hikimar kakanninmu shi ne sun tsaya binciken inda ake rubuta bashin, da irin kuɗin da ake biyansa da shi.

Binciken ya haura shekara ɗari. A shekarar 1909 wani masani ɗan ƙasar Japan mai suna Kuniomi Ishimori ya wallafa wani gwaji, kuma a cikin waɗannan shekarun wasu Faransawa biyu, René Legendre da Henri Piéron, suka yi irinsa a nasu ɓangaren. Sun hana karnuka barci kwana da kwanaki, sa'an nan suka ɗebi abin da suka tatso daga ƙwaƙwalwarsu suka ɗura wa wasu karnukan da suka yi barci suka ƙoshi. Sai ga waɗannan ma sun ɓingire. Gwaji ne mai rashin tausayi, amma ya dasa wani tunani: akwai wani abu da yake taruwa a ƙwaƙwalwar mai ido biyu, wanda idan ya yi yawa yake kayar da shi. Piéron ya raɗa masa suna hipnotoksin, wato gubar barci. Kayan aikin zamanin ba su kai su gano ko mene ne ba.

A yau mun san ɗaya daga cikin manyan masu wannan aiki, kuma ba guba ba ne. Kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana aiki da wani sinadari da ake taƙaita sunansa da ATP. Shi ne kamar ƙananan kuɗin da ake kashewa a kowane ciniki na cikin jiki. Tuwon da muka ci sai an canza ƙarfinsa zuwa ATP kafin tsoka ta motsa ko jijiya ta aika saƙo. An gina shi ne a kan wani ginshiƙi mai suna adinosin, wanda aka liƙa wa gutsattsarin fosfet guda uku. Idan ƙwaya tana buƙatar ƙarfi sai ta ɓalle fosfet, ƙarfi ya fito. Idan aka ɓalle duka ukun, sai a bar adinosin shi kaɗai. Ƙwaƙwalwa kuwa, duk da cewa nauyinta kimanin kashi 2 cikin 100 ne na nauyin babban mutum, tana lashe wajen kashi 20 cikin 100 na makamashin da jiki yake ƙonawa yana hutawa. Murhun da ba a sauke tukunya a kansa tun safe dole ya tara toka.

Sai dai wannan toka tana da aiki. A jikin ƙwayoyin jijiya akwai wasu gurabe da aka halitta daidai siffar adinosin, kamar yadda ake ƙera kwaɗo daidai mabuɗinsa. Idan adinosin ya shiga gurbinsa, sai ya rage wa jijiyoyin da ke riƙe mutum a farke karsashi, ya kuma zaburar da waɗanda ke jawo barci. A shekarar 1997 wata masaniya 'yar ƙasar Finlan, Tarja Porkka-Heiskanen, tare da abokan aikinta a jami'ar Harvard ta Amurka, suka auna wannan a jikin kyanwoyi. Sun saka wani siririn bututu a gindin ƙwaƙwalwa ta gaba, inda wasu daga cikin jijiyoyin farkawa suke, suka hana kyanwoyin barci awa shida. Adinosin ya yi ta hauhawa awa bayan awa. Da aka ƙyale su suka kwanta, sai ya riƙa sauka sannu a hankali. Adinosin ba shi kaɗai ke riƙe da littafin bashin ba. Mahaɗan jijiyoyi suna ƙara kauri da rana sa'ad da muke koyo, kuma akwai canje-canjen da ke faruwa ga wasu sinadaran furotin a cikin ƙwayoyin. Amma dukkansu hanya ɗaya suke bi, su hau muna farke, su sauka muna barci.

Ana iya ganin girman bashin da ido. Akwai na'urar da ake liƙa wayoyinta a fatar kai ta zana motsin lantarkin ƙwaƙwalwa. A lokacin barci mai nauyi, zanen yakan koma manyan igiyoyi masu tafiya a hankali, waɗanda ba sa wuce huɗu a daƙiƙa guda. Alexander Borbély na jami'ar Zurik ta ƙasar Suwizalan ya lura cewa gwargwadon daɗewar mutum a farke, gwargwadon ƙarfin waɗannan igiyoyi idan ya kwanta. Sukan fi yawa a awoyin farko na dare, su yi ta raguwa har gari ya waye. Wato jiki yana biyan bashin da nauyin barci, ba da tsawonsa kaɗai ba.

Wani ɗalibin sakandare ma ya taɓa gwada wannan a kansa. A ƙarshen 1963 zuwa farkon 1964, Randy Gardner, ɗan shekara 17 a birnin San Diego na Amurka, ya yi awa 264 bai yi barci ba, wato kwana 11, domin gasar kimiyya ta ɗalibai. Masanin barci William Dement ya je ya sa ido a kansa a kwanakin ƙarshe. Tun kafin a je ko'ina yaron ya fara fushi ba dalili, da mantuwa, da ganin abin da babu shi. An ba shi lissafin rage bakwai-bakwai daga 100, ya tsaya a tsakiya, ya ce ya manta abin da yake yi. Da ya kwanta ya yi barcin da ya ɗan haura awa 14, mai nauyin gaske. Ɗalibai sukan so wannan labari domin suna ganin yana nuna cewa ana iya yin kwana 11 a tsira. Ni abin da nake gani a ciki shi ne yaron da ya kasa ragi irin na aji uku na firamare.

To idan bashin hauhawa kawai yake yi, me ya sa wanda ya kwana zaune yakan ji garau da hantsi? A nan ne yaudarar take. A shekarar 1982 Borbély ya bayyana cewa abubuwa biyu ne suke juya barcinmu. Na farko shi ne wannan bashi. Na biyu agogo ne na cikin jiki, wanda cibiyarsa wani ɗan ƙullin jijiyoyi ne a ƙasan ƙwaƙwalwa, daidai saman inda jijiyoyin idanu biyu suka gitta juna. Yana zagayowa kusan kowace awa 24, hasken rana kuma yana daidaita shi kullum. Masana uku da suka gano yadda ƙwayoyin gado suke tafiyar da irin wannan agogo, ta hanyar binciken ƙananan ƙudajen 'ya'yan itace, sun sami kyautar Nobel a 2017. Agogon nan bai damu da ko ka yi barci jiya ba. Da safe zai tura saƙon farkawa, bayan azahar ya ɗan sassauta, da magariba ya ƙara ƙaimi, sa'an nan ya janye hannunsa cikin dare. Tsakanin ƙarfe uku da biyar na asuba yake kaiwa ƙasa, lokacin da zafin jiki ma ya fi sauka. Ɗalibin da ke bisa littafi a wannan lokaci yana fama da bashi mai nauyi, agogo kuma ya daina tallafa masa. Rana na fitowa sai agogo ya sake ɗaga shi, ya ce ai barcin ya wuce. Bashin yana nan ko kwabo bai ragu ba, an dai lulluɓe shi ne.

Goro da kofi da shayi da lemon ƙara kuzari irin wannan lulluɓi suke yi, ta wata hanyar. Dukkansu suna ɗauke da sinadarin kafeyin, wanda siffarsa ta yi kama da ta adinosin har yana iya shiga gurbinsa ya zauna, amma ba ya buɗe kwaɗon. Kamar mai bin bashi ne ya yi sallama, wani ya tsaya a zaure ya ce mai gida ba ya nan. Bashin bai faɗi ba, ƙaruwa ma yake yi, domin mai gida yana ciki yana ta cin sabo. Hanta ce take narkar da kafeyin, kuma a jikin yawancin manya takan ɗauki kimanin awa biyar kafin ta kawar da rabinsa. Wanda ya sha kofi ƙarfe goma na dare, rabin kafeyin ɗin yana jininsa ƙarfe uku na asuba. Idan ya samu ya kwanta, barcin ba zai yi nauyin da ya kamata ba, saboda kafeyin yana rage waɗancan manyan igiyoyi da ake biyan bashi da su. Sa'ad da ya sake shi kuwa, duk adinosin ɗin da ya taru a ƙofa sai ya afko gaba ɗaya, kuma sau da yawa a ɗakin jarrabawa ake wannan karo. Wanda ya mayar da abin al'ada, jikinsa yakan saba har ya dogara da shi. Duk wanda yake da kaka mai cin goro ya san ciwon kan da takan yi fama da shi a ranakun farko na azumi.

Nawa ne asarar? A 1997 Drew Dawson da Kathryn Reid a ƙasar Ostareliya sun gwada daidaiton ido da hannu na mutanen da aka hana barci, suka kwatanta shi da na waɗannan mutanen bayan an ba su giya. Awa 17 a farke ta yi daidai da barasa kashi 0.05 cikin 100 a jini, adadin da ƙasashe da yawa suka haramta tuƙi da shi, awa 24 kuwa ta kai ninkin haka. Agogon jiki yana da hannu a wannan sakamako, tun da gwajin ya ratsa cikin dare. Duk da haka a yi lissafi: ɗalibin da ya tashi ƙarfe biyar na asuba ya cika awa 17 da ƙarfe goma na dare, daidai lokacin da yake shirin fara karatun da yake ganin shi ne na gaske.

Wani binciken ya fi wannan tayar mini da hankali. A 2003 Hans Van Dongen da David Dinges da abokan aikinsu a jami'ar Pensilbaniya sun wallafa gwajin da suka yi da mutum 48. Wasu an ba su awa takwas a gado kowane dare, wasu shida, wasu huɗu, har kwana 14, wasu kuma aka hana su barci gaba ɗaya na 'yan kwanaki domin kwatance. Masu awa shida da masu huɗu sun yi ta lalacewa kullum, har aikinsu ya koma kamar na wanda ya yi dare ɗaya ko biyu bai runtsa ba. Amma da aka tambaye su yadda suke ji, bayan kwanakin farko sai suka riƙa cewa da sauƙi, sun saba. Ma'aunin da mutum zai auna gajiyarsa da shi ita ce ƙwaƙwalwar da ta gaji. Saboda haka duk ɗalibin da ya ce mini awa biyar ta ishe shi, nakan nemi ganin takardunsa kafin in yarda.

Idan bashi ya kai wuya, ƙwaƙwalwa takan saci barci na daƙiƙa biyu ko uku, wani lokaci ma ido a buɗe, mai shi kuma bai sani ba. Abin da ya sami yaron da ya rantse mini ke nan. A ɗakin jarrabawa maki ake asara. A bisa hanya kuwa, motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana shafe fiye da mita 80 cikin daƙiƙa uku ba mai tuƙi.

Game da karatu kansa, tun 1924 John Jenkins da Karl Dallenbach a jami'ar Cornell suka nuna cewa abin da aka haddace ya fi zama idan barci ya biyo bayansa, a kan idan mutum ya ci gaba da harkokinsa tsawon wannan lokaci. Bincike na baya-bayan nan ya nuna cewa a cikin barci mai nauyi ƙwaƙwalwa takan maimaita abin da ta koya da rana ta adana shi, kuma ɓangaren da ke karɓar sabon ilimi yakan yi rauni idan ba a yi barci ba. Mai raba dare yana zuba karatu a ƙwaƙwalwar da ba ta karɓa sosai, sa'an nan ya hana ta lokacin da za ta ajiye ɗan abin da ta karɓa.

Na san abin da za a ce. Za a ce da rana akwai zafi da hayaniya, gida cike yake da ƙanne, ga aike ga tallafa wa iyaye, dare ne kaɗai ɗalibi yake da shi. Wannan gaskiya ce, kuma ban raina ta ba. Za a kuma ce malamanmu na da da tsakar dare suke tashi ibada da nazari. Haka ne, amma a duba sauran yininsu. Bayan lisha ba su da wayar da za su latsa har ƙarfe ɗaya, sukan kwanta da wuri, kuma ba sa wasa da ƙailula. Sun raba biyan bashin gida biyu ne, ba su ƙi biya ba. Wanda yake neman shiru da sanyi, zai same su bayan sallar asuba, sa'ad da bashi ya sauka ƙasa kuma agogo ya fara hawa. Awa guda a wannan lokaci ta fi masa uku na tsakar dare.

Ga 'yan'uwana malamai da shugabannin makarantu, lissafin ba shi da wuya. Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ba da shawara a 2016 cewa masu shekara 13 zuwa 18 suna buƙatar awa 8 zuwa 10 a kowace rana. Binciken Mary Carskadon ta jami'ar Brown da abokan aikinta ya nuna cewa da balaga agogon jiki yakan ja baya, bashin kuma yakan taru a hankali fiye da na yaro ƙarami, shi ya sa saurayi yake iya kaiwa sha biyu bai yi hamma ba, alhali buƙatarsa ba ta ragu ba. Saboda haka ne likitocin yara a can suka nemi a 2014 kada a fara darasi kafin ƙarfe takwas da rabi. Wannan magani ba zai zauna mana daram ba, tun da mu asuba ce take tayar da mu, kuma zafin rana ba zai bari a ja darussa zuwa la'asar ba. Tun da ba za mu iya taɓa lokacin tashi ba, sai mu taɓa na kwanciya. A makarantun kwana da yawa da na sani ana tashi daga karatun dare wajen ƙarfe goma, a kwanta goma da rabi, a kaɗa ƙararrawa ƙarfe biyar ko ma kafin nan. Awa shida da rabi ke nan ga wanda barci ya ɗauke nan take, wato kusa da masu awa shidan Pensilbaniya, kuma su kwana 14 kawai suka yi, namu zango guda suke yi.

Ina ganin ya kamata a matso da karatun dare ya ƙare kafin ƙarfe tara, a mayar da abin da aka rage zuwa bayan asuba. A kuma sa ƙailula a cikin jadawali bayan azahar, a kiyaye ta kamar yadda ake kiyaye darasin lissafi, kada a mayar da ita lokacin shara ko horo. Minti 20 zuwa 30 ya isa. Idan ta zarce haka mutum yakan nutsa cikin barci mai nauyi ya tashi da magagi, idan kuma aka yi ta da yamma liƙis takan rage bashin da zai sa a yi barci da wuri. Malamin da ya ga rabin ajinsa suna gyangyaɗi a darasin farko, kafin ya ɗauko bulala ya tambayi lokacin da aka kashe fitila jiya.

Ba sai an yarda da ni ba. Ƙungiyar kimiyya ta kowace makaranta za ta iya auna abin da rula mai santimita 30. Ɗalibi ɗaya ya riƙe ta a tsaye daga sama, ɗaya ya buɗe yatsu biyu daidai sifiri, a sake ta ba sanarwa, shi kuma ya cafke. Idan ya kama a santimita 20, ya ɗauki kimanin kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. Idan ta kuɓuce gaba ɗaya, ya wuce rubu'in daƙiƙa. A yi sau 20 ga kowane ɗalibi, a lokaci guda kowace safiya, a rubuta awoyin da ya yi barci a daren. A fi mai da hankali ga sau nawa rular ta faɗi ƙasa, domin rashin barci ya fi bayyana a irin wannan kuɓucewa ta ba-zata fiye da a matsakaicin saurin hannu. Bayan mako biyu a zana sakamakon a takardar giraf, a kai ofishin shugaban makaranta tare da kwafin jadawalin kwanciya.